Mako Bakwai a Istanbul, Tsakanin Gaɓar Asiya da ta Turai

Tun ina shekara ta biyu a sashen injiniyancin gine-gine nake da burin ganin Istanbul da idona, saboda wani malaminmu da ba ya gajiya da kawo misalin ƙubbar Aya Sofiya a duk lokacin da yake bayanin yadda nauyin rufi ke sauka ƙasa. Da aka sanar da wani shiri na mako bakwai a wata jami'a ta birnin, wanda ya haɗa darasin Turkanci da safe da ziyarar gine-gine da yamma, sai na nema, Allah kuma ya sa aka ɗauke ni. Haɗa takardun biza ya ci mini kusan wata guda, tsakanin wasiƙar gayyata da shaidar banki da inshorar lafiya. Na tashi a makon ƙarshe na watan Yuni na 2024, kwanaki kaɗan bayan Babbar Salla.

Mun sauka da sassafe a sabon filin jirgin saman birnin, wanda aka buɗe a 2018 can arewa kusa da Bahar Aswad. Girmansa ya sa sai da na yi doguwar tafiya a ƙafa kafin na isa wurin jami'an shige da fice. Jami'in da ya karɓi fasfona ya tambaye ni abin da ya kawo ni da inda zan sauka, ya karanta wasiƙar jami'a, ya ɗauki hotona, sannan ya buga hatimi. A tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa na sayi katin da ake kira Istanbulkart, wanda da shi ake biyan kuɗin jirgin ƙasa da bas da jirgin ruwa baki ɗaya. Na canza jirgi a Gairettefe, na sake canzawa a Yenikafi zuwa layin Marmaray, wanda aka buɗe a 2013, kuma yake ratsawa ta ƙarƙashin teku a zurfin kusan mita 60. Daga tashar Sirkeji ta gaɓar Turai zuwa ta Uskudar a gaɓar Asiya kamar minti huɗu ne, kuma a cikin waɗannan mintuna na bar nahiyar Turai na shiga ta Asiya ba tare da na ga ko ɗigon ruwa ba. Sai da na fito daga tashar, iska mai ƙanshin gishiri ta buge ni, na ga jiragen ruwa na kai da kawowa, hasumiyoyin masallatai kuma jere a ɗaya gaɓar, sannan zuciyata ta yarda cewa na iso.

Masaukina ɗaki ne a hawa na huɗu na wani tsohon gida a Uskudar, a kan tudu mai tsayi, kuma gidan ba shi da lif. Mai gidan dattijuwa ce da mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma suka watse wuraren aiki. Tun a bakin ƙofa ta nuna mini inda ake ajiye takalmi, ta miƙo mini silifa na cikin gida. Abokin ɗakina ɗalibi ne daga Uzbekistan, harshensu kuma ɗan'uwan Turkanci ne, don haka shi ya zama tafintanmu a makon farko. Shi ya koya mini in riƙa ce mata teize, wato inna, ita kuma tun daga ranar take kirana olum, wato ɗana, har na bar gidan.

Abin da ya fara wahalar da ni shi ne gajartar dare. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara saura, ana sallar isha'i wajen goma da rabi, alfijir kuma ya keto wajen uku da rabi. Wanda ya saba da ƙasar da dare da rana suke kusan daidai duk shekara zai ji jikinsa ya rikice, domin za ka ga haske a waje ka ɗauka la'asar ce, alhali agogo ya nuna takwas na dare. Kwana goma na yi ina gyangyaɗi a aji kafin na gane cewa dole in riƙa ƙailula da rana.

Ajinmu yana ɓangaren Turai, saboda haka kullum sai na hau jirgin fito daga Uskudar zuwa Eminonu, tafiyar kamar minti ashirin. Marmaray ya fi sauri, amma bayan kwana uku na daina hawansa sai idan na makara, domin a kan ruwan ne ake ganin birnin. Mashigin Bosforus, wanda ya raba gaɓar Asiya da ta Turai, tsawonsa kimanin kilomita 31 ne, yana haɗa Bahar Aswad da Tekun Marmara, kuma ruwansa hawa biyu ne: na sama yana gangarowa kudu, na ƙasa wanda ya fi gishiri da nauyi yana komawa arewa. Manyan jiragen dakon mai da hatsi suna ratsawa ta tsakiya, ƙananan jiragen fasinja kuma suna kutsawa ta gabansu da bayansu cikin gwaninta. A cikin jirgin akwai mai shayi da ke zagayawa da faranti cike da ƙananan kofunan gilashi masu siririn ƙugu. Karin kumallona a yawancin ranaku shi ne wannan shayi da simit, wani burodi mai siffar awarwaro da aka barbaɗe da riɗi. Fasinjoji kan gutsuri simit ɗin su jefa sama, tsuntsayen teku su cafe kafin ya taɓa ruwa. Ma'aikatan da ke hawa kullum ba sa ko ɗaga kai daga wayoyinsu, amma ni har ranar ƙarshe a bakin ƙarfen jirgin nake tsayawa, ina kallon fadar Tofkafi, tsohuwar fadar sarakunan Daular Usmaniyya, tana matsowa.

Juma'ar farko na je Aya Sofiya. An binciki jakunkunanmu da na'ura a ƙofa, kamar yadda ake yi a manyan kantuna da wurare masu cunkoso a birnin. A lokacin, masu yawon buɗe ido 'yan ƙasashen waje suna biyan yuro 25 su hau benen sama ta wata ƙofa dabam, masu salla kuwa suna shiga ƙasa kyauta. Sarkin Rumawa Jastiniyan ne ya kammala ginin a shekarar 537 a matsayin coci, ya zama masallaci a 1453, aka mayar da shi gidan tarihi a shekarun 1930, sannan ya koma masallaci a 2020. Na san duk wannan tun daga aji, amma zama a ƙarƙashin ƙubbar da tsayinta ya kai mita 55 wani abu ne dabam. Tagogi 40 da ke kewaye da gindinta suna sa a ga kamar haske ne ke riƙe da ita. Bayan salla na zagaya ina duba abin da malaminmu ya faɗa: ginshiƙan da suka ɗan karkace waje saboda turin nauyi, da manyan tokare da aka ƙara daga baya don kada bango ya buɗe. Ƙubbar farko ta rufta a 558 bayan girgizar ƙasa, aka sake ta da ƙarin tsayi don nauyinta ya fi sauka tsaye. A sama ga manyan alluna masu ɗauke da sunan Allah da na Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na halifofi huɗu da Hasan da Husaini, ga kuma zanen zamanin coci a saman mihrabi da aka sakaya da labule.

Duk da haka, ginin da ya fi kama zuciyata shi ne masallacin Sulaimaniyya, wanda babban magini Sinan ya gina tsakanin 1550 da 1557. A Aya Sofiya mutum yana ganin kokawar da aka yi da nauyi ƙarni bayan ƙarni, a Sulaimaniyya kuwa an ɓoye tokaren cikin bango da baranda, har ka rasa inda ƙarfin yake. Kewaye da shi akwai makarantu da asibiti da ɗakin dafa abincin sadaka da gidan wanka, duk a tsari ɗaya, kamar ƙaramar unguwa. Kabarin Sinan kansa yana can wani lungu a wajen katanga, ƙarami ne ƙwarai idan aka gwada shi da na Sultan Sulaiman da ke cikin harabar. A jerin shagunan da ke fuskantar masallacin ana sayar da farin wake da aka dafa da tumatir da man shanu, ana ci da shinkafa, a sha da airan, wato nono mai gishiri. Ya fi abincin unguwar Sultan Ahmad araha nesa ba kusa ba, kuma nan ya zama wurin cin abincin ranata.

Daren 2 ga Yuli ban runtsa ba. Turkiyya ta doke Austiriya da ci biyu da ɗaya a gasar ƙwallon ƙafa ta Turai, mutane suka fito da tutoci, motoci na ta hon har kusan asuba. Bayan kwana huɗu Holan ta fitar da su, unguwar ta yi tsit kamar an yi rasuwa.

A mako na uku harshe ya fara buɗe mini ƙofofi. Na lura da kalmomin da muke tarayya da su ta hanyar Larabci: suna cewa dunya da zaman da kalem da sabun da hesab, mu kuma muna cewa duniya da zamani da alƙalami da sabulu da hisabi. Amma kalmar da ta fi yi mini amfani ita ce kolai gelsin, wadda ake faɗa wa duk wanda aka tarar yana aiki, ma'anarta Allah ya sauƙaƙa, kuma matsayinta daidai yake da sannu da aiki. 'Yan ajinmu da suka zo daga Turai sun sha wahalar gane lokacin da ake faɗinta, ni kuwa bakina ya riga ya saba da irinta. Ranar da na faɗa wa mai sharar layinmu, sai ya tsaya, ya jingine tsintsiyarsa, ya tambaye ni daga ina nake. Daga ranar kullum sai mun gaisa, ni ina ce masa abi, wato yaya, shi yana ce mini kardeshim, wato ɗan'uwana.

Wata Asabar na tafi unguwar Ayyub Sultan da ke can ƙarshen mashigin Halij, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, wanda ya sauki Annabi a gidansa lokacin hijira zuwa Madina, ya kuma rasu a bakin ganuwar wannan birni a zamanin Mu'awiya. Harabar cike take da iyalai, da yara maza sanye da fararen kaya da hula mai gashin tsuntsu, waɗanda ake kawowa ziyara kafin a yi musu kaciya. Bayan na yi addu'a sai na bi hanyar da ta hau tudu ta tsakiyar tsohuwar maƙabarta. Duwatsun kaburburan dogaye ne, an sassaƙa rawani ko hula a kan na maza, furanni a kan na mata. Na tsaya ina karanta wani a hankali, domin da baƙaƙen Larabci aka rubuta shi, sai wani saurayi da ke tsaye kusa ya matso ya roƙe ni in ɗaga murya. A 1928 ne Turkiyya ta bar rubutun Larabci ta koma baƙaƙen boko, saboda haka yawancin mutanen yau ba sa iya karanta abin da kakanninsu suka rubuta. Ni ina iya furta baƙaƙen, amma ban san ma'anar kalmomin ba, in ban da Huwal Baƙi da ke sama da roƙon Fatiha da ke ƙasa. Shi kuwa ba ya iya karantawa, amma da na furta sai ya gyara mini wasulan, ya gane kalmar, ya fassara mini da guntun Turancinsa. Haka muka bi kaburbura biyar ko shida, muka gano na wani magatakarda da na wata yarinya da ta rasu tana ƙarama. Mun fi awa guda a wurin, muka yi wa mamatan Fatiha tare, sannan ya ja ni wurin shan shayi da ke saman tudun, ya kuma hana ni biya. Na daɗe ina tunanin abin da al'umma ke samu da abin da take rasawa idan ta sauya rubutunta, domin mu ma muna da tarin takardun ajami da jikokin marubutansu ba sa iya karantawa.

Ranar da ta fi tsananta mini ita ce ranar da na je Aksarai da Laleli, unguwannin 'yan kasuwar sari, inda shagunan tura kaya ke manne da sunayen biranen Afirka a jikin gilashi. A nan na ji Hausa a bakin wasu 'yan kasuwa biyu da ke ciniki kan dilar atamfa da takalma, muka gaisa kamar mun shekara da sanin juna. Ina fitowa daga wurinsu sai 'yan sanda suka tsayar da ni a bakin tasha suna duba takardun baƙi. Na bar fasfona a ɗaki don tsoron kada ya ɓata, hotonsa kawai ke cikin wayata, suka ce hoto bai wadatar ba. Aka zaunar da ni a gefen motarsu tare da wasu mutum huɗu. Babu wanda ya ɗaga mini murya, amma zuciyata ba ta kwanta ba, musamman da na ga an tafi da biyu daga cikinmu waɗanda izinin zamansu ya ƙare. Abokin ɗakina ne ya bar abin da yake yi ya tsallako teku da fasfon, aka duba biza da hatimin shigowa, aka sallame ni bayan kusan awa biyu. Daga ranar na sayi 'yar jaka mai rataya a wuya, fasfo bai sake rabuwa da jikina ba. Fuskar ɗaya daga cikin waɗanda aka tafi da su, matashi ne sa'ana, har yanzu ba ta bar idona ba.

Batun kuɗi kuwa, dala ɗaya tana kusan lira 33 a lokacin, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 70 cikin 100 a farkon bazarar, bisa ƙididdigar hukuma. Da na zo kuɗin shiga mota ko jirgin ƙasa lira 17.70 ne, kafin in tafi ya koma 20. A gidajen abinci za ka ga an liƙa sabon farashi a kan tsoho. Teize takan dawo daga kasuwar mako ta zazzage jakarta a kan tebur, ta nuna mini cuku da zaitun da tumatir, tana ƙirga da yatsu abin da kuɗin fanshonta ke saye bara da abin da yake saye bana. A gidan burodin layinmu na ga wani allo da ake rubuta lamba a kai, sai abokin ɗakina ya bayyana mini cewa mai hali kan biya kuɗin burodi biyu ya ɗauki ɗaya, a rataye ɗayan don mabukaci ya zo ya karɓa ba tare da ya san wanda ya biya ba. A tsakiyar Yuli kuma, cikin watan Muharram, teize ta dafa ashure a babbar tukunya, wani kunu mai zaƙi na alkama da wake da busassun 'ya'yan itace, ta ba mu faranti muka bi ƙofa ƙofa muna raba wa maƙwabta. Ranar ce na san fuskokin duk mutanen benenmu.

Na ga Babbar Kasuwa mai rufi da shagunanta kusan 4,000, na hau hasumiyar Galata ta 1348, na shiga tafkin ƙarƙashin ƙasa mai ginshiƙai 336 da Rumawa suka gina don tara ruwa, na kuma yi yini guda a tsibirin Buyukada. A fadar Tofkafi na tsaya a sashen amanoni masu tsarki, wato kayan da ake dangantawa da Annabi da sahabbai, da aka kawo bayan Daular Usmaniyya ta ci Masar a 1517, inda ake karatun Alƙur'ani ba dare ba rana. Amma tafiyar da na fi alfahari da ita ita ce bin tsohuwar ganuwar birnin a ƙafa, daga Yedikule a bakin Marmara har zuwa Halij, kimanin kilomita shida cikin zafin Agusta. An gina ta a ƙarni na biyar, ta tsare birnin shekara dubu, har zuwa 29 ga Mayu 1453 da Sultan Muhammadu Alfatih ya shige ta yana ɗan shekara 21, bayan ƙawanya ta kwana 53. An jera dutse da jan bulo hawa hawa, kuma a wurare da dama tsohon ginin ya fi gyaran zamani tsayuwa da kyau. A cikin ramin da aka haƙa don tare maƙiya yanzu lambuna ne, na tarar da wani dattijo yana ban ruwa ga latas da albasa. Na ce masa kolai gelsin, ya tsinko kokwamba biyu ya wanke ya miƙo mini.

Da yake karatuna na gini ne, ban iya kawar da ido daga gidajen da miliyoyin mutane ke kwana a ciki ba. Birnin yana da mutum fiye da miliyan 15, kuma yana kusa da tsagewar ƙasa da ta ratsa Tekun Marmara. Girgizar ƙasa ta 17 ga Agusta 1999 ta kashe fiye da mutum 17,000 a yankin, ta Fabrairun 2023 kuma ta kashe fiye da 50,000 a kudancin ƙasar. A bayan ƙofar teize akwai jaka da ke ɗauke da ruwa da tocila da usur da magungunanta, kuma ta nuna mana inda za mu durƙusa idan gida ya motsa. A kusan kowane layi za ka ga an rushe tsohon bene ana sake shi da ƙarfe mai kauri, na kusa da shi kuma yana nan da tsagewarsa, domin masu shi ba su da halin sakewa. Rahoton da na rubuta a ƙarshen shirin a kan wannan na yi shi, ba a kan ƙubba ba kamar yadda na ƙudura tun daga gida.

Ranar tafiyata, a mako na biyu na Agusta, teize ta tashi tun da duhu ta dafa mana ƙwai da tumatir da tattasai, ta cusa mini ƙullin ganyen shayi da kofi biyu na gilashi a cikin jaka. Abokin ɗakina ya ɗauki akwatina muka sauko. Na sumbaci hannunta na kai goshina kamar yadda na ga ƙananansu na yi wa manya, ta ce, "Olum, ka gai da mahaifiyarka." Da muka fara gangara tudun sai na ji ƙarar ruwa a bayana, na waiwaya na gan ta riƙe da kwano, ta watsa ruwan a kan hanyar da na bi. Abokina ya ce haka suke yi wa matafiyi, don ya tafi kamar ruwa ya dawo kamar ruwa. Ina da isasshen lokaci kafin jirgina ya tashi, saboda haka na wuce ƙofar Marmaray na nufi tashar jirgin fito, na dangwala katina a karo na ƙarshe, da saura lira shida a cikinsa.